SUKOLASHIF HAƘƘINMU NE, BA ALFARMA BA

Akwai wata kalma da ta daɗe tana cin amanar ɗan talaka a ƙasar nan, ita ce "alfarma". Yaro ya ci jarrabawa da guminsa, jami'a ta ba shi gurbi, amma da zarar an zo maganar kuɗin da zai yi karatun da su sai a ce ya tafi ya nemi wanda zai yi masa alfarma. Sai ka gan shi da fayil a hammata yana zarya tsakanin gidan ɗan majalisa da ofishin Hukumar Sukolashif, ya durƙusa wa wannan, ya gai da yaron wancan, a ce masa ya dawo gobe, gobe ta zama jibi, har a rufe rajista. In kuwa ya dace aka ba shi ɗan abin da aka ba shi, sai a tara 'yan jarida, a ɗauki hotonsa yana karɓar ambulan da hannu biyu, a sa shi ya yi ta zuba godiya sai ka ce daga aljihun wani aka zaro kuɗin.

To, 'yan'uwana ɗalibai, bari mu fara da tambayar da ba a son mu yi: shin kuɗin wane ne? A zamanin En'e, haraji da jangali da aka tatsa daga manomi da makiyayi su suka gina makarantun elemantare da na midil. Rarar kuɗin gyaɗa da auduga, wadda Hukumar Ciniki ta riƙa tarawa ta hanyar saye da araha a hannun manomi ta sayar da tsada a ƙasashen Turai, ita ta riƙe baitulmalin Jihar Arewa. Yau kuma duk wanda ya sa kati a waya ko ya sayi buhun siminti yana biyan harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100, ko ya sani ko bai sani ba, ga kuma kuɗin man fetur wanda dukiyar 'yan ƙasa ce baki ɗaya. Saboda haka in gwamna ko minista ya ba ɗan manomi sukolashif, ɗan abin da uban yaron ya zuba ne aka mayar masa da kaɗan daga ciki. Ma'aji ba ya yi wa mai dukiya gori.

Magabatanmu sun fahimci wannan. Lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya ga an kusa samun mulkin kai alhali yawancin kujerun ofisoshin Kaduna baƙi ne a kai, gwamnatinsa ta shiga neman yara masu ƙoƙari lardi lardi, tana biya musu kuɗin makaranta da na abinci da na littattafai, tana tura waɗansu Ingila. A 1962 aka buɗe jami'ar Zariya domin wannan buƙata. Da yawa daga cikin manyan sakatarori da alƙalai da likitoci da hafsoshin da Arewa ta yi taƙama da su 'ya'yan manoma ne da maƙera da masu dukanci, waɗanda da an bar su da aljihun iyayensu da ko ƙofar sakandare ba su leƙa ba. Abin takaici shi ne, waɗansu daga cikin waɗanda suka ci wannan gajiya, da 'ya'yansu da suka gaje su a kujera, su ne yau ke ɗaga mana hanci suna cewa ilmi kyauta ba zai yiwu ba. Sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta.

Kada kuma mu manta cewa abin da ya rage a hannunmu ba a kwance aka same shi ba. A 1977 gwamnatin soja ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'i. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin da ɗalibi yake biya kowace rana, sai ɗalibai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda Segun Okeowo yake shugabanta, suka fito daga Legas har Zariya suna cewa lalle Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na Tarayya, ya sauka. An buɗe musu wuta, an kashe ɗalibai a Legas da Zariya, an rufe jami'o'i, an haramta ƙungiyar. Masu ba'a suna cewa wai an mutu a kan sule biyar. Su waɗancan ɗalibai sun hango inda aka dosa: in aka bari aka fara ɗora wa ɗalibi nauyin da ke kan gwamnati, ba za a tsaya ba sai an sauke masa shi duka. Haka kuwa aka yi. A shekarun 1980 aka janye tallafin abinci a jami'o'i, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kuɗin sukolashif na jihohi ya zama abin dariya.

Amma fa alkawarin yana nan a rubuce. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da ilmi kyauta tun daga firamare har jami'a, sai dai an liƙa masa sharaɗin cewa sai lokacin da hali ya yi, sa'an nan aka sa shi a babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Wato an ba mu da hannun dama an karɓe da na hagu. Fiye da shekara 25 ke nan ana jiran halin ya yi. A taron Incheon na 2015 ƙasashen duniya sun amince a ware wa ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, amma shekara da shekaru kason ilmi a kasafin Tarayya bai kai kashi 10 ba.

Yanzu mu zo ga bashin karatu, wanda ake ta buga mana ganga a kansa. A 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. A wannan shekara jami'o'in Tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, waɗansu har sau da yawa, suna cewa ai kuɗin hidimomi suka ƙara, kuɗin koyarwa yana nan kyauta, kamar aljihun uba ya san bambancin sunayen. A watan Yuni na wannan shekarar aka sa hannu a dokar ba ɗalibai bashi, dokar da ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Don Allah ina ɗan mai faskare zai samo irin waɗannan mutane? Da surutu ya yi yawa aka soke dokar, aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin asusun NELFUND a watan Mayu.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: sabuwar dokar ta fi ta farko. Bashin ba shi da ruwa, saboda haka mai gudun riba ba shi da abin tsoro a nan. Ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, an kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar kansa. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama yi wa ƙasa hidima, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Duk wanda ke tsakanin cin wannan bashi da barin makaranta, shawararmu ita ce ya ci, kada girman kai ko jita-jita su sa ya koma gida.

Sai dai kada a raina mana hankali a ce an share mana hawaye. Ku dubi yadda kuɗin ke tafiya. Gwamnati ta ƙi ba jami'a isasshen kuɗi, jami'a ta ƙara kuɗin rajista, gwamnati ta biya jami'a wannan ƙari, sa'an nan ta rubuta shi bashi a wuyan ɗalibi. Kuɗin sun fito daga baitulmali sun shiga jami'ar gwamnati, inda dama can ya kamata su tafi, amma a kan hanya an bi da su ta kan sunan ɗan talaka domin ya biya daga albashin da bai ma samu ba tukuna. Ɗan mai kuɗi ya gama karatu ba a bin sa ko kwabo, ɗan talaka ya gama da bashi a ka, alhali ajinsu ɗaya, malaminsu ɗaya. Naira 20,000 ɗin kuwa, in ka raba ta kwana 30, ba ta kai naira 700 a yini ba, a ciki ake so ɗalibi ya ci abinci, ya hau mota, ya buga takardu. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. An kafa hukumar ba ɗalibai bashi a 1972 zamanin Janar Gowon, ta durƙushe saboda an kasa karɓo abin da aka ranta. An yi dokar Bankin Ilmi a 1993, bai tsinana komai ba. Bashin da aka gina a kan fatan samun aiki, a ƙasar da masu digiri ke tuƙa Keke Napep, ginin toka ne. Inda hatsarin yake shi ne gwamnatocin jihohi su fake da wannan asusu su nannaɗe tabarmar sukolashif gaba ɗaya, su ce ai ga bashi can.

Sauran sukolashif ɗin da ya rage kuwa, babbar cutar da ke cin sa ita ce rufa-rufa. Hanyoyin suna nan: akwai Hukumar Sukolashif ta Tarayya, akwai ta kowace jiha, akwai asusun PTDF da aka kafa tun 1973 domin horar da masana harkar man fetur, akwai na kamfanonin mai da na sadarwa, akwai na ƙasashen waje irin su Kwamanwel da Chevening na Ingila, da DAAD na Jamus, da Fulbright na Amurka, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Amma wa ke jin labarinsu a kan kari? Sanarwa takan fito a intanet da Turanci, a ba da 'yan makonni, kafin labari ya isa ƙauye an rufe. Ɗan babban sakatare ya ji tun takardar tana kan teburin ubansa. Idan an gama, sau da yawa ba a buga sunayen waɗanda suka samu tare da makinsu, balle wanda aka hana ya san dalili. Inda duk aka yi duhu, nan ɓeraye ke walwala: nan ake raba gurabe ga 'yan majalisa kamar naman layya, nan ake cusa sunayen waɗanda ba ɗalibai ba, nan 'yan damfara ke sayar da fom ɗin da kyauta ne. Ko sabon asusun bashin bai tsira ba, domin a 2025 an yi ta ƙorafin cewa waɗansu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibai daga asusun ba su sanar da su ba, alhali ɗaliban sun riga sun biya da kuɗin da iyayensu suka ranto.

Ga kuma takardar shaidar asali, wadda ba a karɓar fom ɗin sukolashif na jiha sai da ita. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan ko a Agege, iyayensa suna biyan haraji can, jihar da ya tashi a ciki ta ce shi baƙo ne, ya zo Arewa ƙaramar hukumar kakanninsa ta ce ba ta san shi ba. Haka ɗan Sabon Garin Kano ko na Zariya wanda bai taɓa kwana a garin da ake ce masa nasu ba. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, alhali a bakin kowane ɗan siyasa ƙasa ɗaya ce al'umma ɗaya.

Waɗanda suka haye duk waɗannan shingaye ma ba su huta ba. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangare da sauran ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilmi sun yi watanni ba a biya su alawus ba, a 2024 aka zabge musu shi daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar daina tura sababbi. Waɗannan fa su ne zakarun da aka tace aka zaɓa. A gida kuma ɗalibi yakan gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, har ya yi aure, jiharsa ba ta biya shi kuɗin ajin farko ba.

Za su ce babu kuɗi. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan an ce talaka ya ɗaure ciki, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, su 469, manyan motoci waɗanda kowace ta haura naira miliyan 100. Ku ɗauki alƙalami ku yi lissafi. Naira 20,000 sau 12 ita ce 240,000. Kuɗin mota ɗaya tak ya isa a ba ɗalibai fiye da 400 wannan alawus na shekara guda, kyauta, ba bashi ba. Saboda haka kuɗi akwai su, abin da ake yi shi ne zaɓen wanda za a kashe wa.

To, mu ma ɗalibai akwai namu aikin, domin mai neman haƙƙinsa ba ya zuwa da hannu rabbana. Da yawa daga cikinmu ana watsar da takardunsu tun kafin mutum ya duba su, saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Sunanka a takardar JAMB Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki Muhammadu. A nan ka sa sunan mahaifi, a can ka sa sunan gari. Ranar haihuwa ta wannan takarda ta saɓa wa ta waccan. Kwamfuta ba ta san uzuri ba. Tun kana ajin farko ka daidaita sunanka da ranar haihuwarka a lambar NIN da ta BVN da takardun makaranta, ka tanadi takardar haihuwa da ta shaidar asali da ta shiga jami'a da sakamakon jarrabawarka, ka ɗauki hotonsu ka adana. Ka tabbata makarantarku ta aika da bayananka ga asusun bashi, domin in ba ta aika ba shafin ba zai gane ka ba. Ka riƙe karatunka da kyau tun daga zangon farko, domin masu ba da sukolashif da yawa ba sa kallon wanda makinsa bai kai 3.5 cikin 5 ba, kuma ramin da aka haƙa a ajin farko da wuya a cike shi a na ƙarshe. Mai son Chevening ya sani sai da shekara biyu ta aiki bayan digiri, saboda haka matasan ma'aikata su ne ya fi shafa. Kada ka tsaya a ƙofa ɗaya, ka nemi biyar ko goma. Kada ka ba kowa ko sisi domin fom ko gurbi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka, ɓarawo ne ko yaron ɓarawo. In kuma ka ji labarin wani sukolashif, ka faɗa wa na kusa da kai, musamman 'yan'uwanmu mata, waɗanda in kuɗi ya gaza a gida su ake fara cewa su haƙura. Ɗalibin da ya ɓoye sanarwa don kada a yi takara da shi ya riga ya zama ƙaramin azzalumi tun bai hau kujera ba.

Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, ku ne akawuna da ƙananan jami'an da fayilolin nan ke bi ta hannunku. Jiya jiya kuna cikinmu kuna shan garin kwaki a ɗakin kwana. Babban mutum ba ya iya cusa sunan ɗansa sai da hannun ƙaramin ma'aikaci da zai buga takardar. Ba mu ce ku yi abin da zai raba ku da aikinku ba, amma kuna iya fitar da sanarwa a kan lokaci, kuna iya gaya wa yaro abin da ya rage a fayil ɗinsa maimakon ku ce ya dawo gobe, kuna iya ƙin karɓar na goro.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi, lokaci ya yi da za a bar yawon kai wa 'yan siyasa lambar yabo a koma ga aikin da aka zaɓe ku dominsa. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne:

1. Kowace hukumar sukolashif ta fitar da jadawalin shekara tun farkonta, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunan jama'a, a liƙa shi a kowace sakandare da sakatariyar ƙaramar hukuma.

2. A buga sunan duk wanda aka ba, da makarantarsa, da makinsa, da adadin da aka biya shi, a kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu ikon neman irin waɗannan takardu daga hukumomin Tarayya. Mu yi amfani da ita.

3. A soke rabon gurabe ga masu riƙe da muƙamai. Ma'auni biyu ne kawai: ƙoƙari da buƙata.

4. A biya dukan bashin alawus da ɗalibai ke bin gwamnatoci, na gida da na waje, kuma nan gaba a riƙa biya kafin a rufe rajista.

5. Wanda aka haifa a jiha ya yi firamare da sakandare a cikinta a ɗauke shi ɗan jihar wajen sukolashif.

6. Bashin karatu ya zama ƙari a kan sukolashif, kada ya maye gurbinsa. Maraya da naƙasasshe da ɗan gudun hijira a ba su kyauta.

7. Ƙungiya ta buɗe tebur na dindindin a sakatariyarta, inda ɗaliban manyan azuzuwa za su riƙa tara sanarwa, suna taimaka wa sababbi cike fom, suna kuma rubuta sunan duk wanda aka biya wa kuɗi makaranta ta yi shiru.

Shida na farko sai mun matsa wa masu mulki lamba kafin mu same su, kuma tarihi ya nuna ba sa saki sai an matsa. Na bakwai kuwa ba ya jiran sa hannun gwamna ko minista. Tebur ɗaya ne da kujera biyu da littafin rajista, kuma a cikin kuɗin ƙungiya da kowannenmu ke biya duk shekara akwai abin da ya isa a saye su. Muna jiran majalisar ɗalibai ta sa wannan magana a gaba a zamanta mai zuwa, mu kuma za mu cika zauren domin mu ga wanda zai ɗaga hannu da wanda zai sunkuyar da kai.